Na Yi Shekara Biyar Ina Kyauta Da Kayan Yayata

Ranar da Yaya ta tambaye ni lissafin gidan haya, ina zaune a kan tabarma a tsakar gidanta, da kofin kunun tsamiya a hannuna. Cikin azumin 2023 ne, an sha ruwa ke nan. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta ma kalle ni ba, tana ta ɓare wa autanta lemo. Cewa kawai ta yi, "Auta, an sa ranar yarinyar nan bayan Babbar Sallah. Ka duba min abin da ya taru nawa a gidan can, in fara rage kayan ɗaki."

Na ce, "To Yaya, in sha Allahu." Daga nan kunun ya ƙi wucewa. Na san babu abin da ya taru. Babu ma wurin da zai taru, domin ban taɓa ware masa wuri ba. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne, ko da wuƙa aka ɗora min a wuya a daren nan, ba zan iya faɗin nawa ne nata ba.

Ni ɗan kasuwa ne, ina da tebur a Kantin Kwari tun ina saurayi, atamfa da yadi nake sayarwa. A 2011 na sayi fili a bayan Ɗanbare, can ɓangaren sabon mazaunin Jami'ar Bayero, ƙafa 50 da 75, a kan naira dubu 400. Awon igiya ne, gona ce mai ita ya yanka fuloti-fuloti da kansa. Takardata ita ce wadda mai unguwa ya buga wa hatimi, da sa hannun shaidu huɗu, na biya dillali la'adarsa kashi biyar cikin ɗari. Lokacin wurin duk gero ne da dawa, har abokaina suna tsokanata wai na sayi wurin farautar gafiya. Ni kuwa lissafina ɗaya ne: ɗalibai ba sa ƙarewa, kuma ɗakunan kwanan jami'a ba sa isarsu.

Shekara uku ban iya komai ba sai katanga, ita ma don na tarar maƙwabci ya ci min ƙafa huɗu da fandishonsa ne. Sai da dagaci ya shiga maganar, aka raba asarar biyu, na haƙura. Daga 2014 na fara gini irin namu na masu ƙaramin ƙarfi: in kasuwa ta yi kyau a buga bulo ɗari biyu, in ta yi sanyi ciyawa ta rufe shi. Na kai linta a 2016, shekarar da dala ta tashi, buhun siminti ya bar wajen 1,500 ya haura dubu biyu cikin 'yan makonni. Nan na tsaya cak. Ga rufi, ga filasta, ga ƙofofi da tagogi, shadda ma ba a haƙa ba.

A shekarar ne aka raba gadon mijin Yaya, wanda ya rasu ya bar ta da 'ya'ya biyar. Da tumuninta ya zo, ta haɗa da kuɗin sarƙa da awarwaron gwal ɗin da ta sayar, miliyan biyu cif, ta zuba a baƙar leda ta kawo min har gida. Ta ce, "Ka sa a ginin nan. In yana hannuna 'yan'uwa za su yi ta ranta har ya ƙare." Muka yi magana ta fatar baki cewa gidan zai tashi a miliyan shida har da fili, saboda haka kashi ɗaya cikin uku nata ne. Ba mu rubuta ba. Wa zai miƙa wa yayarsa, wadda ta goya shi a bayanta, biro ya ce ta sa hannu? Ita ma ba ta nema ba. Da kuɗinta aka sayi kwano da katako a Na'ibawa, aka yi rufi kafin damina.

A watan Janairun 2018 'yan haya suka shiga. Ɗaki shida na ɗalibai, kowanne dubu 45 a shekara. Ciki da falo guda biyu na masu iyali, dubu 100 kowanne. Sai shago ɗaya a bakin ƙofa, dubu 60. Jimla dubu 530 a shekara. Na sha ɗaukar kalkuleta da dare in buga wannan adadi in yi murmushi ni kaɗai, in ce shekara goma sha ɗaya da 'yan watanni kuɗinmu ya dawo, sauran kuma riba har jikoki.

Kuskurena na farko ko kama da kuskure bai yi ba. Kuɗin haya ba rana ɗaya yake zuwa ba. Wannan ya kawo dubu 20 ya ce ciko sai ƙarshen wata. Wancan ya tura ta asusuna, wanda shi ne dai asusun da masu sarin atamfa suke turo min kuɗi. Wani ya tare ni a ƙofar masallaci ya cusa min a aljihun riga. Kafin in isa gida an bugo cewa gas ya ƙare, ko yaro yana zazzaɓi, ko an sauke sabon zane a kasuwa wanda in ban kama yau ba gobe ya ƙara kuɗi. Ban taɓa zama na ce yau zan ci haƙƙin wani ba. Kuɗin ne yake shiga inda sauran suke, ya fita inda sauran suke fita. Yaya kuwa, in na tuna, sai in kai mata dubu goma ko ashirin in ce, "Ga na cefane." Ta yi ta sa min albarka kamar kyauta na yi mata. Ni ma, Allah Ya yafe min, a raina kamar kyautar nake ji.

Shi kuma gidan yana da nasa cikin, abin da babu dillalin da ya taɓa faɗa min ke nan. Mitar wuta ɗaya na saka wa gidan gaba ɗaya, don tsimi. Mai shago ya kawo firiza yana sayar da ƙanƙara da zoɓo, ɗalibai suna dafa taliya da abin girki na lantarki, ga hita a bokiti duk sanyin hunturu, ga matan aure da dutsen guga. Amma in takardar kuɗin wuta ta zo, kowa sai ya rantse shi ƙwan fitila ɗaya ne da cajin waya. A yi ta jayayya har masu wuta su zo da tsani su yanke. Wa ake kira? Mai gida. Ina tsakiyar ciniki da matar da ta taso daga Damagaram sayen kayan lefe, waya ta yi ƙara, "Alhaji an yanke mana wuta." In biya bashin, in biya kuɗin mayarwa, in ce zan tattara a wurinsu daga baya. Ban taɓa tattarawa ba.

Shadda kuma an haƙa ta ne da lissafin mutum goma sha biyar zuwa ashirin. Ɗakin da na ba mutum biyu, in ka je da asuba takalmin mutum bakwai za ka gani a ƙofa, wasu ma biyan wanda ya kama ɗakin suke yi, shi yana hayar ɗakina ga wasu. Cikin shekara uku sau biyu ina kiran motar yashe shadda. Rijiya tana ƙafewa daga Maris, sai an sa mutum ya shiga ya ƙara mata zurfi, kafin nan ana faɗa a kan wa zai biya 'yan garuwa. Ƙofar banɗaki ta ruɓe, iska ta ɗaga kwano biyu, silin ya jiƙe. Kowanne ƙaramin abu ne, dubu bakwai, dubu goma sha biyu. Ban rubuta ko ɗaya ba.

Duk wannan bai ci kuɗi kamar kunya ba.

Ɗaya daga cikin masu ciki da falo malamin makarantar kuɗi ne, mutum mai natsuwa, sahun farko a masallaci. Shekara biyu yana biya kafin in tambaya. Sai korona ta zo, aka rufe makarantu, a tsakiyar Afrilun 2020 aka kulle Kano gaba ɗaya, azumi ya same mu a cikin gida. Makarantar kuɗi kuwa in babu karatu babu albashi. Ko da aka buɗe, rabin albashi aka riƙa ba su, shi kuma ya riga ya ci bashin mai shago da na mai magani. Bai sake miƙewa ba.

Na sha shirya maganar da zan yi masa tun daga Kabuga a cikin adaidaita sahu, ina maimaita ta a zuci. Ina yin sallama yaransa su rugo, "Baba mai gida! Baba mai gida!" Matarsa ta shimfiɗa min darduma a soro, ta aiko da ruwa a kofin silba. Shi kuma ya fito ya durƙusa, tun kafin in buɗe baki ya ce, "Alhaji, wallahi ina sane. Kunyar haɗa ido nake da kai." Sai in ji bakina yana cewa, "Haba Malam, ba komai, ai ana tare. Gaisuwa ce ta kawo ni." In laluba aljihu in ba yara ɗari biyu na alawa. Wato na biya kuɗin mota zuwa da dawowa, na ƙara da na alawa, na koma hannu rabbana. A hanya kuma ina jin daɗi a raina cewa na rufa wa bawan Allah asiri.

Na ɗaya ciki da falon labarinsa daban ne. Ma'aikaci ne wanda albashinsa ko a lokacin kulle bai tsaya ba, ƙanin wani abokina na kasuwa, shi ya sa ko takarda ban yi da shi ba. Da ya ga maƙwabcinsa ba ya biya kuma ba a yi komai ba, shi ma sai ya zauna. Yau ba a yi albashi ba, gobe ya tura amma intanet ɗin banki ta riƙe, jibi an yi masa rasuwa a ƙauye. A layyar 2022 ragonsa ya fi nawa girma, na gan shi ɗaure a jikin tagar da ni na saka. Ya sa sola, ya sa tauraron ɗan'adam a kan kwanona, har ya huda shi. Tun ina yaro nake jin cewa kunyar mara kunya asara ce. Amma duk lokacin da zan ɗaga masa murya sai in tuna yayansa da muke cin abinci kwano ɗaya a kasuwa.

Ɗalibai da na ɗora lissafina a kansu, su ba sa ƙarewa, amma suna tafiya. Malaman jami'a sun yi yajin aiki daga Maris zuwa Disamban 2020, suka sake yin wani daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoban 2022, wata takwas cur. Ɗalibi ya garƙame ɗaki da kwaɗo ya tafi Gombe ko Okene, shekararsa ta cika, wayarsa ba ta shiga. Ba ka isa ka fasa ƙofa ba, domin gobe a ce an ɗauke kwamfuta. Ko ka fasa ma, wa za ka ba, tunda unguwar ta zama kufai? In ya dawo ya ce ai bai kwana a ɗakin ba, me zai biya? Na taɓa ce wa ɗaya, kai ba ka kwana ba amma katifarka ta kwana. Muka yi dariya, ya ba ni rabi, na karɓa.

A watan Agustan 2022 aka kwana ana ruwa, katangar baya ta zube. Matsalar awon igiya ke nan, lunguna babu magudanar ruwa, duk ruwan layin a gindin katangata yake kwanciya. Siminti ya riga ya haura dubu huɗu. Gyaran ya ci dubu 260, kuma babu ko sisin gidan a ajiye, sai na taɓa kuɗin kayan da na karɓo bashi a wurin ubangidana na kasuwa. A lokacin ne wani dillali ya kawo min shawarar jingina: wani zai ba ni dubu 800 a dunƙule, ya zauna a ciki da falo ɗaya ba haya, duk ranar da na mayar masa da kuɗinsa cif ya tashi. Na kusa karɓa. Abin da ya hana ni shi ne na sha jin malamai suna cewa wannan bashi ne da ya jawo amfani, ga shi kuma na san halina, kuɗin zai narke a kasuwa in rasa na fansa.

Da wannan tarihin na tashi daga tabarmar Yaya a daren nan.

Kwana biyu bayan haka babban ɗanta ya zo, wanda yake karatun akanta. Ya gaishe ni har ƙasa, ya ce, "Kawu, Umma ta ce in zo in taya ka lissafi, kada ya yi maka yawa." Na gane saƙon. Dare uku muka yi a zaurena bayan sallar asham. Na je banki aka buga min bayanin asusu na shekara biyar, ya yi kaurin littafi. Na zazzage gwangwanin alawar da nake jefa rasit, wasu sun goge, wasu a jikin takardar buhun siminti magini ya rubuta su. Muka riƙa kiran 'yan haya ɗaya bayan ɗaya muna tambayarsu nawa suka biya, abin kunya, mai gida yana tambayar ɗan haya. Yaron ya ja layi uku a littafi: abin da ya kamata ya shigo, abin da ya shigo, abin da ya fita.

Can a dare na biyu ya ɗora yatsa a kan wani layi ya ce, "Kawu, wannan dubu 45 da ta shigo ranar uku ga wata, washegari ta fita. Ina ta tafi?"

Na ce, "Kasuwa."

Ya yi shiru, sannan ya ce a hankali, "Kasuwar wa, Kawu?"

Yaron da aka yi sunansa a gabana. Na ji kamar in kore shi. Amma tambayar ba ta da aibu, amsar ce mai aibu.

Ga abin da littafin ya nuna. Daga 2018 zuwa 2022 ya kamata a karɓi miliyan biyu da dubu 650. An karɓi miliyan ɗaya da dubu 900. Giɓin dubu 750 ya kasu uku: dubu 350 na ɗakunan ɗalibai, dubu 250 a wurin malamin makaranta, dubu 150 a wurin ma'aikacin. Gyaran da muka iya tabbatarwa ya kai dubu 700, wanda ba mu samu shaida ba ya ce ba zai rubuta ba, ni ma ban yi gardama ba. Ya rage miliyan ɗaya da dubu 200. Kason Yaya dubu 400. Duk "na cefanen" da nake kai mata ina jin kaina, da aka tara, dubu 130 ne. Ina riƙe da dubu 270 na matar da take rainon marayu biyar.

Ya ƙara buga wani lissafin da ban tambaye shi ba. Gidan miliyan shida yana kawo dubu 240 a shekara, wato naira huɗu a kan kowace ɗari, kuma a haka sai an shekara ashirin da biyar kafin uwar kuɗi ta dawo. Teburina na Kwari ya fi haka nesa ba kusa ba. Ba na cewa ginin asara ne. Yau unguwar ta cika, dillalai suna yi wa gidan kuɗin da ya ninka abin da muka kashe sau da yawa, kuma da miliyan biyun Yaya a banki ta zauna, da faɗuwar naira ta cinye ta. Ribar gida a ƙasa take, a ganina, haya kuwa in ta riƙe ginin a tsaye ta ba ka ɗan canji ta yi ƙoƙari. Sai dai ba a sayen katifar amarya da ƙimar da dillali ya faɗa.

Na je wurin limamin unguwarmu ina neman wanda zai ce min ban yi laifi sosai ba. Na ce, "Allah gafarta Malam, ni fa a maganar malamin makarantar nan alheri na yi." Ya ce alheri ne, jinkirta wa wanda yake cikin ƙunci umarni ne na Alƙur'ani, yafewa ma ta fi. Sannan ya ce, "Amma kashi biyu cikin uku ne naka. Na ukun fa, ka tambayi mai shi?" Ya tuna min cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a ƙarshen Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma ba a ce ban da 'yan'uwa ba. Da na tambaye shi zakka, ya ce gidan da aka gina don haya babu zakka a kan ginin, sai a kan kuɗin hayar in ya kai nisabi ya kuma shekara a hannu. Na ce to ni nawa ko sati bai taɓa yi ba. Bai yi dariya ba.

Na karyar da wasu atamfofi, na roƙi a ba ni ɗaukar adashinmu kafin layina ya zo, na biya Yaya a kashi biyu. Jinkirin ma ya cuce ta. Kafin in kawo ciko an cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, saitin gado da kujerun da aka yi mata ciniki cikin azumi kafinta ya ce shi ma katako ya tashi. Na cika bambancin ban bari ta sani ba, ko da yake ina zaton ta sani.

Bayan biki muka zauna a gaban mai unguwa da shaidu biyu, aka rubuta cewa kashi ɗaya cikin uku na gidan nata ne, kowa ya riƙe kwafi. Hannuna yana rawa lokacin da na tuna cewa da na mutu kafin ranar, gidan gaba ɗaya za a raba wa matata da 'ya'yana, ita kuma sai dai ta yi ta rantsuwa. Rusau ɗin da aka yi a Kano a watan Yunin shekarar ya sa kowa ya buɗe akwatin takardunsa, mu ma muka fara neman takardar mallaka ta gwamnati. Wani lauya da yake sayen shadda a layinmu ya fahimtar da ni cewa tun dokar filaye ta 1978 ƙasa a hannun gwamna take, takardar mai unguwa shaidar ciniki ce kawai, banki ma ba ya karɓar ta jingina.

Gidan yanzu yana da asusunsa, ko katin cire kuɗi ban karɓa ba. Duk abin da ya shigo, kashi ashirin cikin ɗari na gidan ne, ba a taɓawa sai gyara, sauran a raba uku duk wata shida. Mai shago an yi masa tasa mitar, masu iyali tasu, ɗalibai tasu, in kati ya ƙare su san yadda za su yi. Kowane ɗan haya yana da takarda: mutum nawa ne a ɗaki, wa zai biya yashe shadda, kuma in shekara ta cika aka yi wata ɗaya ba a same ka ba, za a buɗe ɗakin a gaban mai unguwa a rubuta kayanka a adana. Karɓar kuɗi kuwa na sakar wa yaron, da ladansa kashi biyar cikin ɗari, rabin abin da ejan yake karɓa. Shi ba ya cin abinci kwano ɗaya da yayan kowa.

Ma'aikacin, da na so in cire masa ƙofa don haushi, lauyan ya ce kul, in na taɓa ƙofa ko kwano ko na fitar masa da kaya ni zan koma mai laifi. Mai biyan shekara-shekara, in babu wata yarjejeniya a rubuce, notis ɗin wata shida ake ba shi, sannan na kwana bakwai, sannan kotu. Haka muka bi. Ba mu kai ga kotu ba, yayansa ya nemi sulhu, aka biya dubu 60 daga cikin dubu 200 da bashin ya kai. Ya tashi da fanka da ƙwayayen fitila har da kan famfo, ya bar bango baƙi ƙirin. Gyaran ya ci dubu 85, karon farko da gidan ya biya wa kansa. Yayan nasa har yau gaisuwarmu daga nesa ce. A farkon 2024 da siminti ya haura dubu goma, muka mayar da ɗakin ɗalibai dubu 70, ni kuma na binne burin ɗora bene da na daɗe ina yi.

Maganar malamin makaranta ce ta rage. Bashinsa ya kai dubu 300 a lokacin, dubu 100 a ciki na Yaya. Na ce mata ni na yafe nawa, nata kuma zan biya daga aljihuna, tunda ni na yi sakaci.

Ta ce, "Kai ka zauna a ɗakin? Kai ni wurinsu."

Muka je ranar wata Asabar. Yara suka rugo da "Baba mai gida", ta wuce su ta shige ciki wurin matar, ta bar ni a soro da Malam, muna ta maganar damina kamar manoma. Ta fi rabin awa. Da ta fito ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Malam, na yafe hamsin. Hamsin ɗin da ta rage za a riƙa sa dubu biyu a kai duk wata. Haya kuma an daina ta shekara, wanda ba zai iya dubu ɗari a dunƙule ba zai iya dubu tara a wata. Matarka za ta riƙa kawo min gida." Ya fara godiya yana share ido, ta ce a'a, a rubuta tukuna.

A cikin adaidaita muna dawowa ba ta ce komai ba har muka wuce Rijiyar Zaki. Sannan ta ce, "Auta, shekara uku kana kwasar lada da kuɗina, ko tayi ba ka yi min ba." Na yi dariya. Ita ba ta yi ba.

Tun daga lokacin matar take zuwa duk ƙarshen wata da kuɗin a ƙulle a bakin mayafi, ta wuce ƙofar gidana ta nufi na Yaya. Tsohon bashin ya kusa ƙarewa. Watan jiya dubu takwas ta kawo, ta ce ciko sai Juma'a. Yaya ta ba ta ruwa, ta zuba mata ɗanwake a kwano ta kai wa yara, ta sa aka rubuta dubu takwas a littafi. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ta aiki autanta ya karɓo sauran.